Bawul Mai Kunne

Mai Dalma ya riga ya sauke ƙofar shagonsa zuwa rabi lokacin da surukarsa ta iso. Magariba ta kawo jiki, masu shaguna na ta kwashe kaya, mai walda na kusa da shi ya kashe injinsa, layin ya koma sai ƙarar babura da warin ƙonannen ƙarfe. Ta tsaya tana haki, rungume da wani abu a cikin tawul.

"Baba, ina yini."

"Lafiya."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ba don yana fushi ba. Mai Dalma mutum ne mai rowar magana. Shekara da shekaru yana gyaran rediyo da lasifika a wannan shago, amma kaf layin babu wanda zai ce ya taɓa jin hirarsa. Matarsa takan ce in ya ce "to" da safe, ai ya gama surutun ranar. Ɗansu na ƙarshe kuwa, wanda kowa ke kira Auta, bakin uwarsa ya ɗauko. Shi ne ya zama mai jita, yana kiɗa da waƙa a otal-otal da wuraren taro, kuma shi ne mijin wannan da ke tsaye a gabansa.

Ta ɗora tawul ɗin a kan tebur ta buɗe. Wani ƙaramin akwatin ƙarfe ne baƙi, fentinsa ya goge a gefe-gefe. Kallo ɗaya Mai Dalma ya yi masa ya gane shi. Irin akwatin nan ne da mai jita ke fara jona wayar jitarsa a ciki, ya karɓi siririyar muryar jitar ya yi mata kauri kafin ta wuce babbar lasifika. Tsohon yayi ne, mai aiki da bawul, wato 'yan kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗauki zafi.

"A wurin masu gwanjo ya saya," in ji ta. "Wai daga wani tsohon gidan rawa da aka daɗe da rufewa aka kwaso shi. Baba, tun da abin nan ya shigo gidanmu ɗanka yake rasa magana."

Mai Dalma ya san da zancen muryar. Matarsa ta gaya masa, ya ɗauka mura ce irin ta mawaƙa. An je asibiti an leƙa maƙogwaro, aka ce lafiyarsa lau. Abin da bai sani ba shi ne yadda abin ya faro. Ta ce da farko kalma ɗaya ce takan ɓace masa a tsakiyar zance, ya yi ta motsa baki ba ta fita. Daga nan sai baitin waƙa. Yanzu kuwa ya yi kwanaki ko tari ba ya yi da sauti. Ba ya cin abin kirki, ba ya fita, sai dai ya kunna akwatin ya zauna ya kai bakinsa kusa da shi. Ita kuma ƙaramar 'yarsu kullum sai ta tambayi me ta yi wa Abba da ya daina amsa mata.

Ta rage murya. "Jiya na ji shi yana dariya a ɗaki. Wallahi har na yi murna. Na buɗe ƙofa, bakinsa a rufe, hawaye yake yi. Dariyar daga lasifika take fitowa."

"Ya san kin ɗauko?"

"Yana wanka na sato."

Mai Dalma ya sake duban akwatin. Ya ɗaga ƙofar ya mayar da ita sama, ya kunna fitilar tebur.

"Bawul ne ya yi kunne," ya ce.

Ciwo ne da duk mai gyara ya sani. Idan bawul ya tsufa, 'yan ƙarafan cikinsa sukan saki, sai ya riƙa ɗaukar duk wani motsi da ke kusa da shi yana turawa lasifika. Ka buga tebur ya ji, ka yi tari ya ji. A cire shi a sa wani, an gama. Da wannan ya kwantar wa kansa da hankali, ya nuna mata benci a bakin ƙofa ta zauna.

Ya kwance kusoshin murfin. Wari ya fara fitowa kafin komai, warin tsohuwar ƙura da ta sha zafi, irin wanda hancinsa ya saba da shi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani daban, mai sanyi, kamar na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki aka kulle. Ya matso da fitila.

Bawul uku ne a jere. Biyu na gaba ya san irinsu, da rubutun kamfani a jikinsu. Na ukun ya fi su tsawo kaɗan, gilashinsa ya yi duhu, babu rubutu ko ɗaya. Tabon azurfar da ke ƙoƙon kansa yana ƙyalli, alamar babu inda ya tsage, domin da zarar bawul ya fashe tabon nan fari yake komawa kamar alli. Wani kuma ya taɓa zagaye gindinsa da baƙin gam, ya liƙe shi da mazauninsa. Mai gyaran kirki ba ya yin haka.

Sai ya lura da gefen akwatin. Daga ciki, a jikin ƙarfen, akwai shatin yatsu da suka ƙone. Ya duba ɗaya gefen. Nan ma akwai.

Hannu biyu. Mai Dalma ya girgiza kai. Abu na farko da maigidansa ya koya masa tun yana ɗan koyo, da mari ma ya koya masa shi, shi ne ba a shiga cikin kayan bawul da hannu biyu. Akwai 'yan gwangwanaye a ciki masu riƙe wutar da ta isa ta kashe ƙato, ko bayan an zare soket. In hannu ɗaya ta kama, ta yar da kai ka tashi kana zagi. In biyu ne, ta shiga ta wannan ta fita ta wancan, kuma zuciya ce a kan hanyarta. Saboda haka hagu a baya take zama. Ko wane ne mai waɗannan yatsun, ya manta da karatunsa.

Ya zubar da ragowar wutar gwangwanayen da wani guntun waya, ya auna da mita, allurarta ta kwanta. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya duba duk inda aka ɗiga dalma. Babu tsinkewa, babu ƙuna. Ya jona akwatin da lasifikar gwajinsa, ya sa soket, ya mayar da hagunsa baya ya saƙala babban yatsa a bel, sannan ya kunna.

Biyun farko suka yi ja a hankali kamar garwashi. Na ukun bai yi ja ba. Wani haske ne ya taso a cikinsa, shuɗi-shuɗi, mai kama da ruwan kwata. Lasifika ta fara ƙugi can ƙasa-ƙasa.

Ya ɗauki siririn tsinken katakon da yake gwaji da shi. Ya ƙwanƙwasa na farko, shiru. Na biyu, shiru. Ya taɓa na uku, lasifika ta ce ƙwal, ƙarar ta daɗe tana yawo a shagon.

"Ga ɓarawon," ya ce a ransa. Ya ajiye tsinken.

Ƙwal.

Ya dubi tsinken. Yana kwance a kan tebur, nesa da akwatin.

Ƙwal. Ƙwal.

Daga cikin gilashin ake bugowa.

Mai Dalma ya ƙura wa bawul ɗin ido. Zafi ne, ya gaya wa kansa, ƙarfe ne ke miƙewa. Don ya tabbatar da iyakar kunnen abin, ya yi yadda ya saba yi, ya sunkuya ya kai bakinsa dab da gilashin.

"Ɗaya, biyu."

Muryarsa ta fito ta lasifika, ta yi kauri. Ƙugin ya ɗauke. A cikin shirun sai wata murya ta biyo baya, tar da ita, kamar mai ita na tsaye a gefen tebur.

"Kina ina?"

Surukar ta miƙe zumbur, benci ya kife. Muryar Auta ce. Babu wanda zai gaya wa uba muryar ɗansa.

Kafin ɗayansu ya ce uffan wayarta ta fara ruri a cikin jaka. Ta ciro, ta duba, ta juyo masa da fuskar wayar. Mijinta ne, mutumin da ya yi kwanaki bai kira kowa ba saboda ba shi da abin kira da shi. Ta ɗauka ta buɗe sautin.

Numfashi suka fara ji. Sai wata busasshiyar murya, kamar ta wanda ya tashi daga doguwar jinya.

"Kina ina?"

"Ina shagon Baba! Ka yi magana? Wayyo Allah, ka sake faɗa!"

"Kina ina?" in ji Auta. "Kina ina? Kina ina?"

Maganar nan kaɗai yake da ita. Suna jin yadda yake kokawa da bakinsa yana neman wata, babu. Daga ƙarshe ya fashe da kuka marar sauti, sai shessheƙar numfashi, wayar ta katse.

Mai Dalma ya ja da baya daga tebur. Wani zato ya shige shi, ya so ya kore shi. Ya juya wa akwatin baya, ya buɗe baki zai sake ƙirgawa. Leɓɓansa suka motsa, harshensa ya taɓa inda ya saba taɓawa, amma babu abin da ya fito. Ya ce "uku", ta fita lafiya. Ya ce "huɗu", ta fita. Ya koma farko. Wurin wayam, kamar gurbin haƙorin da aka cire.

Ya ba da biyu, an saki biyu.

Shi ba malami ba ne, bai san sunan abin da ke zaune a cikin gilashin ba, bai san tun yaushe yake ciki ba. Amma ya san kayan da suka cika. Abin da ya cika ba ya karɓar sabo sai ya zubar da tsoho. Ya yi tunanin ɗaukar guduma ya tarwatsa kwalbar, sai ya tuna muryar ɗansa ce a ciki, kuma babu mai ba shi tabbacin gida za ta koma. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

"'Yata," ya ce a hankali, "koma gida. Ki zauna kusa da shi. Kome kika ji ya faɗa, ki amsa masa."

"Kai fa, Baba?"

"Gyara zan yi."

Ta dube shi, ta dubi bayansa, idanunta suka tsaya a wani wuri kusa da kantar kaya. Ta yi raɗa.

"Baba, da wani a shagon?"

"Tafi. Kar ki waiwaya."

Ya ji takunta har ya ɓace. Ya sauke ƙofar har ƙasa, don kada wani mai tsautsayi ya leƙo ya yi sallama kusa da abin. Ƙarar babura ta yi nisa, ta ɗauke gaba ɗaya, alhali bai kai lokacin da layin ke mutuwa ba. Ya ja kujera. Ya mayar da hagu baya. Ya sunkuya.

Sai ya rasa ta inda zai fara. Mutumin da bai saba ba da magana kyauta ba, yau an ce ya juye ta duka. Ya fara da abin da ke gabansa.

"Dalma," ya ce. "Waya. Mita. Kusa. Murfi."

Lasifika ta amsa da muryar Auta. "Ina makullina? Kai, bari mana. Sai na dawo."

Ya ci gaba. Ya ba da sunayen kayan aikinsa kaf, ya ba da sassan rediyo, ya ba da launuka da ranakun mako. Kowace ya faɗa sai ya ji ta zare daga cikinsa kamar zare daga bakin riga, ta bar ɗan sanyi a inda take. Ita kuma lasifika tana ta amayo Auta. Ga shi yana ciniki da mai nama. Ga shi yana tsokanar matarsa a kan gishiri. Ga shi yana yi wa 'yarsa muryar kura yana cewa zai cinye ƙafarta. Mai Dalma bai taɓa sanin ɗansa na yin muryar kura ba.

Warin ɗakin nan mai laima ya ƙaru har yana jin ɗanɗanonsa a harshe. Fitilar tebur ta rage haske. Shuɗin cikin gilashin ya ƙaru.

A nan ne aka kama hannunsa na baya.

Ba da ƙarfi ba. Yatsu ne sirara, masu sanyi, masu tsawon da ya wuce na mutane. Suka zagaye wuyan hannunsa har suka haɗe, suka zauna.

Bayansa bango ne da kantar kaya. Ko kyanwa ba za ta sami wurin tsayawa a nan ba.

Bai waiwaya ba. Ya ƙara cusa babban yatsansa a cikin bel, ya damƙe fatar da sauran. Zufa ta gangaro masa cikin ido. Ya ce, "Titi. Mota. Kasuwa. Ruwa. Rana."

"Baba."

Muryar Auta ce, amma wannan ba tsohuwar magana ba ce da aka adana. Da shi ake yi.

"Baba, akwatin na zamewa. Riƙe shi da ɗaya hannun."

Akwatin na nan daram a kan tebur.

"Baba, zan faɗi. Sa hannu biyu mana."

Yatsun suka fara ja. A hankali, da lallashi, yadda ake jan hannun tsoho za a tsallakar da shi titi. Suna so su zagayo da hagunsa gaba. Mai Dalma ya dubi shatin yatsun da suka ƙone a jikin ƙarfen, ya gane ashe mutumin nan bai manta karatunsa ba. Ya ji tausayinsa, ko wane ne shi.

Ya miƙa dama ya kashe makunni. Hasken bai mutu ba. Ya fizge soket daga bango. Biyun farko suka dushe, na ukun ya ƙara haske. Allurar mita na can ƙarshe tana rawa.

To, babu gudu ke nan. Ya koma ya sunkuya.

Ya ba da zagin da ya sani, ba su da yawa. Ya ba da gaisuwa, ta safe da ta yamma. Ya ba da "to" ɗinsa. Daga nan abin ya daina jira a ba shi. Ja yake yi da kansa, kalmomi na kwararowa daga bakin Mai Dalma ba tsari, waɗanda ya sani da waɗanda ya manta ya sani, sunan garinsu, sunan mahaifiyarsa, waƙar da aka yi masa yana goye. Maƙogwaronsa ya yi zafi. Abu ɗaya ya danne a bayan haƙoransa ya hana shi fita, sunan Ubangijinsa da abin da yake salla da shi. Duk lokacin da suka taso sai ya datse baki ya haɗiye.

Lasifika ta fara waƙa.

Auta ne, ba jita, ba ganga, muryarsa zalla. Mai Dalma ya san waƙar. Ya taɓa jin ta daga wajen katangar wani otal, inda ya tsaya a cikin masu sayar da sigari har aka tashi, ya koma gida bai gaya wa kowa ya je ba. In waƙa ta fara fita, an kusa kai wa ƙasan tulun.

Bel ɗin ya fara tsagewa a wurin huda.

Hannunsa ya zo kwiɓi.

Ya lalubi cikinsa, ya tarar saura kaɗan. Can ƙasa suke, sababbi ful, don bai taɓa taɓa su ba. Ƙananan kalmomin da ake ɗinka zance da su duk sun tafi, saboda haka ɗai-ɗai ya fito da su, tsirara.

"Alfahari."

Waƙar ta hau sama.

"Kewa."

Hannunsa ya zo gefen tebur.

"Gwani. Yafe. Ƙauna."

Hawaye na ɗiga a kan ƙarfen yana cewa tsss.

"Ɗana."

Baitin ƙarshe ya fita, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Saura wani ɗan guntun numfashi na Auta da ke maƙale a lasifika, irin wanda mawaƙi ke ja kafin ya fara. Mai Dalma na da kalma ɗaya da ta rage wadda zai iya bayarwa.

"Auta."

Numfashin ya fita.

Shiru.

Sai lasifika ta yi gyaran murya, irin tasa sak, ta ce da muryar Mai Dalma, "Sa hannu biyu."

Bel ya tsinke.

Hagunsa ta yi gaba da ƙarfin da ba nasa ba. Ya ga yatsunsa a buɗe suna nufar gwangwanayen. Ya kawar da fuskarsa daga gilashin, ya juya ta bango don kada abin ya ji, ya saki abin da ya ɓoye da iyakar ƙarfinsa.

"A'uzu billahi!"

Riƙon ya sassauta, na ƙiftawar ido kawai. Ya danne hagun da gwiwarsa a jikin ƙafar tebur, ya cafki bawul ɗin da dama, ba tsumma ba komai. Ya ji fatarsa na ƙuna. Ya murɗa. Gam ɗin ya ce ƙaras. Ya fizge.

Wani abu ya doke shi a kafaɗa, ya yi sama da shi ya maka shi da kantar kaya. Rediyoyi suka zubo masa. Fitila ta mutu.

Ya daɗe a kwance a cikin duhu, yana jin warin naman hannunsa. Can sai ya ji babur ya wuce. Wani ya wuce. Mai shayi na kiran yaronsa a tsallaken titi. Ya buɗe tafinsa a hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Kwalbar na nan, ta yi sanyi ƙalau, ba ta fashe ba.

Likita ya ce wuta ce ta taɓa masa wata jijiya a kai, a yi haƙuri, wataƙila maganar ta dawo. Matarsa ta kawo masa biro da takarda, ya riƙe biron ya daɗe, ya ajiye. Abin da ya fita daga bakin ya fita daga hannun ma. Yana gane duk abin da aka ce masa, yana jin komai a ransa yadda yake ji da, sai dai in ya miƙa hannu zai ɗauko sunan abin, babu. Salla kuwa yana yin ta a bayyane, muryarsa garau, kuma duk wanda ya gaishe shi zai ce masa "Alhamdu lillahi." Mutanen layin har sun fara cewa Mai Dalma ya zama bawan Allah, masu kawo gyara suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Wuyan hannunsa na hagu ya yi wani zobe fari da bai ƙara yin gumi ba.

Kwalbar ya naɗe ta a tsumma, ya sa a gwangwani, ya cika da siminti. Inda ya kai ta shi kaɗai ya sani, kuma ba zai faɗa ba.

Auta ya warke sarai. Bai tuna komai na kwanakin nan ba sai cewa ya yi mura mai tsanani. Matarsa ta gaya masa abin da ta gani, ya yi dariya ya ce tsoro ne ya sa ta gane-gane, ita kuma ba ta san abin da ya faru bayan tafiyarta ba, balle ta ja da shi.

Da hannun ya warke Mai Dalma ya sa wa akwatin sabon bawul, ya kankare shatin yatsun, ya aika a kira mai shi. Auta ya zo da jitarsa da rana tsaka. Ya jona, ya gwada, sautin ya fito wasai babu ƙugi. Daɗi ya kama shi, ya zauna a kan benci ya yi waƙa guda cur tun daga farko har ƙarshe, har mai walda ya kashe injinsa ya leƙo. Uban na zaune, hannayensa a kan gwiwa, bai ɗauke ido daga bakin ɗansa ba.

Da ya gama aka yi tafi a waje. Auta ya naɗe wayarsa yana murmushi, sai murmushin ya ɗan rage.

"Ka san wani abu, Baba? Ba don ciwon nan nake faɗa ba, Allah ya ba ka lafiya. Amma ko lokacin da kake da bakin, ko sau ɗaya ba ka taɓa ce min na iya ba."

Mai Dalma ya buɗe baki. Ya laluba, ya sake lalubawa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Auta na tsaye da akwatin a hammata, yana jira.

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Dalma.

"To, Baba," Auta ya ce. "Sai na sake leƙowa."